Tulun da Ba a Bari Ya Tsaya

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ku jawo benci. Tun ɗazu nake kallonku kuna ɗaukar kwalabena hoto, kuna jira waya ta faɗa muku sunan abin da ke ciki. To, me ta ce? Faɗa-wuta ko? Allah ya yi mata albarka. Ni ma ranar da na fara sa ƙafa a labon nan, wato ɗakin binciken nan, abin da na ce ke nan, sai dai ni da bakina na yi wautar, ban ɗora wa waya ba. Kun taso daga jami'a za ku yi 'yan watanninku na koyon aiki, an ce muku akwai wani tsoho a Garwa da ake biya don ya kama ƙwari, kuka ce wannan ai ɓagas ne. Ku zauna ku ji yadda ɓagas ɗin yake.

Wannan ƙwaron ba faɗa-wuta ba ne, ko da yake daga nesa sun yi kama. Fukafukansa gashi ne a jikinsu, ba gari ba, kuma in ya sauka yakan haɗa su a baya kamar jinkar ɗaki. A littafi Faransawa suna ce masa tirikoptar. Da Hausa ban taɓa jin wanda ya kira shi da suna ba, Fulanin da na tambaya ma sai su ce ai ƙwaro ne kawai, don haka ni na raɗa masa: 'yar magina. Dalili kuwa, ƙuruciyarta duk a cikin ruwa take yi, tana tsutsa, kuma tsutsar nan gida take gina wa kanta. Zare take fitarwa ta baki, ta riƙa liƙa yashi ɗaya bayan ɗaya, ko guntun kara, ko ganye, har ta yi ɗan bututu ta shige, ta dinga yawo da abinta a ƙasan rafi. In lokaci ya yi sai ta manne shi a jikin dutse, ta toshe ƙofa, ta kwanta. Ranar da za ta fito, da fukafukai take fitowa.

Ni ɗan unguwar Rumde Ajiya ne, sunana Iliya. Babana yadi yake sayarwa, haka ma babansa, tun kakanmu da fatauci ya kawo shi daga ƙasar Kano ya ga wuri ya zauna. Wata rana ina tsare da shago sai ga wani mutum dogo siriri, takalmin robarsa duk taɓo, ya ce farin yadi yake so, fari tas. Na sauko masa da bandir biyu. Ya ce ai duk ɗaya ne, in yanko kowanne. Na ce a'a, wannan saƙarsa ta fi cika, wancan kuwa wanki biyu zai koma ruwan madara. Ya ɗaga su a rana, ya juya, ya sake juyawa, sannan ya dube ni ya ce da irin Hausarsu ta mutanen dutse, "Yaro, wannan idon naka, a kan atamfa za ka ƙarar da shi?" Shi ne Baba Daniyel, Kirista daga duwatsun wajen Mokolo, kuma shi ne ya zama maigidana a wannan sana'a. Yadin kuwa, ashe shimfiɗa shi ake yi a bakin rafi da magariba, a kunna fitila, ƙwarin su zo su sauka a kai.

Satin farko na koma gida, babana ya sunsuna, ya ce in matso. A alkol, wato sinadarin barasa, muke ajiye ƙwarin don kada su ruɓe, warin kuma ya kama rigata. Ya ce, "Iliya, aikin da ka samu ke nan?" Na rantse ban sha komai ba, na sake rantsewa, bai yarda ba sai da ya sa babbar riga ya biyo ni har nan. Baba Daniyel ya zaunar da shi a gaban lup, wato madubin nan mai ido biyu da ke ƙara wa abu girma, ya sa masa gidan tsutsa guda a ƙasa. Tsoho ya leƙa, ya ɗago, ya sake leƙawa.

"Tsarki ya tabbata ga Allah! Wa ya jera mata duwatsun nan?"

Aka ce ita da kanta. Ya ce wallahi maginin da ya yi masa katanga bai kama ƙafarta ba. Daga ranar duk wanda ya zo sayen yadi sai ya sha labarin, ko yana sauri ko ba ya yi.

Kada ku ɗauka daga nan aka ba ni lup. Ina! Farin faranti aka ba ni, da hantsaki, da bokitin taɓo daga Binuwai, aka ce in tsamo duk abin da ke motsi. Damina ta zagayo ta sake zagayowa ina wannan. Sannan aka koya mini ɗaga dutse. Kuna dariya? Akwai yadda ake ɗaga dutse. Za ka tsaya ta inda ruwa ke gangarawa, ka kafa rariya a gabanka, ka ɗaga a hankali, abin da ya saki dutsen ruwa ya kawo maka shi. In ka gama ka mayar da dutsen yadda ka same shi, cikinsa a ƙasa. Na taɓa jefar da ɗaya gefe, Baba Daniyel ya sa na shiga ruwa har ƙugu na nemo shi. Sai takardar da ake sawa a kwalba, mai sunan rafi da ranar kamu: da fensir ake rubuta ta, don alkol yana shanye tawadar biro. Ƙwaron da ba a san inda aka kamo shi ba, ko na zinariya ne, shara ne.

Wata rana a wani ɗan rafi bayan Ngong na ɗaga dutse na ga gidaje farare sol, masu ƙayoyi, irin da ban taɓa gani ba. Kai, ranar ban ci abinci ba! Na iso labo ina haki, ina cewa Baba na samo sabuwa. Ya duba, ya ce, "Akwai injin casar shinkafa a saman rafin?" Na ce akwai. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe wadda ta cika Binuwai ce, wadda na wuni ina tsama a faranti, ta sami ɓuntun shinkafa a banza ta yi gini da shi. A ranar na koyi cewa gida yana nuna maka hanya, amma ba ya ba da suna.

To ina sunan yake? Ga abin da ba a faɗa muku a aji ba, ko an faɗa kuka sunkuyar da kai. Sunan yana wutsiyar namiji. Sai ka sami babba mai fukafukai, kuma namiji, ka yanke ƙarshen cikinsa, ka dafa a ruwan potas har naman ya narke, ka sa a ɗigon gilisarin, ka leƙa. Za ka ga wasu ƙugiyoyi da 'yan ƙahonni, kowane iri da nasa fasali, ba mai ɗaukar na wani. Su ake zanawa, a gwada da duk zanen da aka taɓa yi a duniya. In ba mai kama da shi, to ka samo sabo. Wannan shi ne aikina, shekara da shekaru. Lokacin da aka je nema mini auren Hajara, babanta ya tambayi sana'ata, kawuna ya yi gyaran murya ya ce, "Ma'aikacin ruwa ne." Har yau akwai surukaina da ke aiko mini in zo in duba musu famfo.

Kuma ba ƙarya kawu ya yi ba. Masu zuwa wurinmu ai mutanen ruwa ne: masu kula da ruwan sha, masu kiwon kifi, wani sa'i masu gonar rani. 'Yar magina ba ta zama a ruwa mai datti. In ka je rafin da ka san tana nan ka tarar ta yi ƙaura, to wani abu ya shiga ruwan daga sama, tun kafin kifi ya fara mutuwa. Akwai wani alhaji mai tafkunan kifi da ba ya haƙa sabo sai na je na ɗaga masa duwatsu, kuma ba ya bari in dawo hannu rabbana. Sai masana na ƙasashen waje da ke aiko da roƙon a ara musu kwalba kaza su gwada da tasu.

Yanzu ga labarin da nake so ku ji. Akwai kwalba ɗaya da Baba Daniyel ba ya haɗawa da sauran. Tun yana saurayi, kafin in san shi, ya je wani ɗan rafi a tudun Banyo, inda ruwa ke fitowa daga gindin dutse da sanyi kamar na randa. Ya ɗaga dutse ya ga gidan da bai taɓa gani ba: lanƙwasasshe kamar ƙahon bijimi, na yashi mai ƙyalli, da tsakuwa babba guda a kowane gefen ƙofa. Tsutsar ciki ma kanta daban yake. Ransa ya ba shi sabuwa ce, amma ba namiji ba suna. Ya shimfiɗa yadi ya kunna fitila, wannan shekara da waccan, ƙwarin duniya duk su zo, ban da nasa. Wasu irin haka suke, fitila ba ta dame su ba. Da na shigo muka gwada kafa kejin raga a kan duwatsun, mu tafi mu dawo. Sau ɗaya shanu suka tattake shi, sau ɗaya ambaliya ta yi gaba da shi. Hanya ɗaya ta rage: a ɗauko waɗanda suka toshe ƙofa, da ransu, a kawo su Garwa a sa musu ido har su fito.

Muna cikin cewa baɗi, baɗi, sai idonsa ya fara. Na lura ne da ya miƙa hantsaki zai sa a kwalba sai ya bi ta gefe. A asibiti suka ce ba yana ba ce da za a cire, jijiyar ce, kuma raguwa zai dinga yi. Bai faɗa mini a labo ba. Sai da muka zauna cin gasasshen kifi a bakin gada, yana zare ƙaya da yatsu, ya ce, "Iliya, ina so in ga namijin nan da idona kafin a rufe shagon." Kifin nan ban ji ɗanɗanonsa ba.

Wannan ita ce mummunar shekararmu. A ƙarshen damina suke toshe ƙofa, don haka a lokacin muka tafi, da akwatin sanyi na zamani cike da ƙanƙara. Daga rafin zuwa garin Banyo sai a moto, wato babur, kuma mai kai mu kullum wani Bafulatani ne, Hamadu. Muka dinga roƙonsa ya tafi a hankali, har yana cewa gara ya sauka ya tura. A babbar mota muka dasa akwatin a kan katifa, muka tokare shi ta ko'ina don kada ruwan ciki ya ko motsa. Muka wuce Tibati, muka wuce Ngaundere, muka gangaro cikin zafi, a Ngong mota ta lalace. Ƙanƙara ta narke. Na zaga garin nan kaf, na samo 'yar kaɗan a wurin mai lemo. Da muka iso Garwa muka buɗe, warin ne ya fara ba mu labari. Ko ɗaya babu mai rai.

Sai na tuna da gora. Akwatin ya cika tun a rafi, sai na zuba 'yan duwatsu kaɗan a gorar ruwan da na saya wurin makiyaya, na rataye ta a ƙarfen mota, na manta da ita. Tun daga Banyo take lilo tana bugun ƙarfe. Muka juye a faranti, muka leƙa ta 'yar kafar da suke bari a ƙofar gidajen, sai ga su suna motsi! Muka rungume juna. Muka mayar da su, muka ajiye gorar a kan teburin can, muna tafiya da sanɗa kada mu dame su. Gari ya waye sun mutu.

Baba Daniyel ya zauna ya zuba wa gorar ido. Can ya ɗaga ta da igiyarta, ya kaɗa, ruwan ya ce ƙulum. Ya sake kaɗawa. Sai ya dafe goshi.

"Iliya, mu muka kashe su da ladabi."

Na ce kamar yaya, Baba?

"Ka taɓa ganin ruwan rafin nan ya tsaya? Iska suke sha a ruwa, kuma ruwan da ke motsi shi ke da iska. Mun bi sanyi mun manta da motsi. Hanyar da muke zagi, ita ta raya waɗannan."

Mu da muke koya wa mutane wannan! Amma in abu ya yi maka tsada a rai, lallaɓa shi za ka yi, ba za ka tuna da karatu ba. Sai muka jira wata daminar. Kafin ta zo idonsa na hagu ya dushe gaba ɗaya, na dama kuma ya rage saura.

Da lokaci ya zagayo ban ɗauki akwati ba. Hajara ce ta ba ni tulunta mai faɗin baki, ta ce in ya fashe kada in dawo. Muka naɗe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara don sanyi, muka tokare duwatsun ciki da soso don kada su murƙushe gidajen, ruwa rabi kawai, baki a ɗaure da ƙyallen gidan sauro. Baba Daniyel bai iya shiga ruwa ba, a bakin rafi ya zauna ina miƙo masa duwatsu, yana shafawa da yatsa yana cewa wannan ta toshe, wannan da saura. Da muka ɗaure tulun a moto na ce wa Hamadu, "Yau kada ka kauce wa rami ko ɗaya." Ya cire hula ya dube ni, ya dubi Baba, ya ce, "Bara kun hana ni numfashi, bana kuma ku ce in bi rami? Lafiyarku kuwa?" Da muka yi masa bayani ya ce in dai rami ne, mun zo gidansa.

A babbar mota, muddin tana tafiya ba mu da damuwa. Tsayawa ce abin tsoro. Da direba ya taka burki sai mu rungumi tulu mu hau jijjigawa. In na sauka yin salla Baba ya karɓa, in shi ya sauka ni in karɓa. A wani shinge zandarma, jami'in tsaron hanya, ya leƙo ya ga dattawa biyu suna rarrashin tulu, ya ce me ke ciki? Na ce duwatsu ne. Ya ce duwatsun me? Baba ya ce da Faransanci, "Masu barci ne a ciki, ranka ya daɗe." Ya buɗe, ya haska, ya sunsuna, ya kira abokin aikinsa shi ma ya leƙa, duk wannan ban daina jijjigawa ba. A ƙarshe ya ce mu tafi, Allah ya ba mu lafiya. Motar nan ta ɗauki dariya. Wata tsohuwar Bafulatana da ke kusa da mu ta ce mu ba ta, ba mu iya ba, haka ake kaɗa nono? Ta ɗora shi a cinya ta kama wani irin kaɗi mai daɗi, ba gaggawa ba tsayawa. Daga nan fasinjoji suka shiga karɓa-karɓa. Wanda ya sauka a hanya sai ya leƙo ta taga ya ce, "A gaida masu barci!"

Akwai injin hura iska a labo, amma wutar lantarki a lokacin sai ta ga dama, ban yarda in ba ta amana ba. Gida na wuce da shi. Muka sa tulun a ragaya, muka rataye a reshen darbejiyar tsakar gida, muka buɗe bakin, muka lulluɓe duka da gidan sauro don abin da ya fito kada ya tsere. Ruwan famfo akwai magani a ciki, zai kashe su, sai na rijiya wanda ya kwana a randa. Sauran aiki kuma ja ne. Hajara ta ɗaura igiya a babban yatsan ƙafarta, tana tsince shinkafa tana ja, tana tankaɗe tana ja, in ta gaji ni in karɓa. Baba Daniyel kullum da sassafe yana ƙofar gida da sandarsa, a shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ya karɓi igiya. Maƙwabta kuwa sun sami abin yi. Wasu suka ce aljani na kamo daga Banyo, wata ta aiko a asirce a sam mata ruwan tulun, wai ɗanta ba ya barci.

Wata safiya muka ga ta farko a jikin raga, 'yar ƙarama, ruwan ƙasa, da ɗigon zinariya a fukafuki. Na kife ta da kwalba, na duba da madubin hannu. Wutsiya a dunƙule. Mace ce. Muka ce alhamdu lillahi, ai namijin na tafe. Kashegari wasu suka fito, mata. Wanshekare, mata. Hajara ta ce, "Baba, irin naku dai kamar unguwar nan ne, mata ne ke tashi da wuri." Ya yi dariya, amma na ga yadda yake juya kwalbar a gaban idonsa na dama yana neman inda zai kama ta. Wasu gidajen kuma ba su buɗe ba sam, sun mutu a ciki. Muka yi ta cirewa har saura biyu.

Na ce, "Baba, mu fasa su. In namiji ne kuma ya kusa, ƙugiyoyin sun riga sun fito, za mu gani."

Ya ce, "In bai kusa ba fa? Sai mu tarar da kunu."

Ya ci gaba da jan igiya. Na san lissafin da yake yi: baɗi ba lalle ne ya ga ko tulun ba. Can ya ce, "Tun daga Banyo muke jijjiga su. Ba za mu ƙare da fasa musu ƙofa ba. A bar su."

Da hantsi ne, ina alwala a bayan ɗaki, na ji Hajara ta ƙwala ihu, "Malam! Malam, tsaka!" Na fito da gudu, ruwa na zuba a gemu. Ga wani ɗan baƙi siriri ya hau bakin tulu yana busar da fukafukai, ga kuma tsaka ta sami ƙofa ta shiga cikin gidan sauron, tana saukowa ta igiyar ragaya, tana ɗaga ƙafa ɗaya-ɗaya. Baba yana ta tambaya, "Mene ne? Mene ne?" Hajara ba ta jira ni ba. Ta zura hannu da ludayin da take riƙe da shi, ta kai wa tsakar nan ɗaya, ta faɗo ƙasa ta bar wutsiyarta tana rawa. Ƙwaro ya tashi ya manne a saman raga. Na shiga da kai da kafaɗa, na kife shi. Na sa madubi. Ga ƙugiyoyi nan zaro-zaro.

Na ce, "Baba, ango ya iso!"

Hajara ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka cika gidan suna tambaya wa ya haihu. Murna ta ishe ni har na rasa inda zan ajiye kwalbar. Sai da na ɗauko alkol Hajara ta tsaya cak. "Kashe shi za ku yi? Bayan yatsana ya kumbura?" Na ce ai haka aikin yake, ko an bar shi ma 'yan kwanaki ne nasa. Ta ce, "Allah ya isa tsakanina da sana'ar nan," ta shige ɗaki. Amma ita ce ta leƙo daga baya ta ce mu yi sauri kada rana ta yi wa Baba zafi.

A nan, a kan teburin nan, na yanke wutsiyar, na dafa, na sa a gilisarin, na daidaita lup, na ja masa kujera. Ya goge ido da hankici, ya sa na damansa. Ya murɗa sama, ya murɗa ƙasa.

"Ƙaro haske, Iliya."

Na ƙara.

"Ƙaro."

Na jawo fitila ta biyu, na buɗe taga. Ya daɗe a sunkuye. Ya sake cewa in ƙaro, na ce Baba ya ƙure. Na ji kamar in fita in bar ɗakin. Sai ya ɗago a hankali, ya tashi daga kujerar, ya dafa kafaɗata ya zaunar da ni.

"Leƙa ka faɗa mini. Kada ka yi sauri."

Ya tsaya a bayana ya rufe ido. Duk zanen da aka taɓa yi na danginsu yana cikin kansa, ba ya buƙatar buɗe littafi. Ya ce ƙugiyar ƙasa, sama ta lanƙwasa ko ciki? Na ce sama. Ya ce bakinta a tsage yake? Na ce a tsage. Ya ce gida biyu ko? Na sake dubawa, na juya ta da allura. Na ce a'a, uku, ta tsakiya ta fi tsawo, kuma akwai ɗan haƙori a gindinta.

"Uku? Ka tabbata?"

"Wallahi uku, Baba."

"Da haƙori?"

"Da haƙori."

Sai na ji ƙarar sanda a ƙasa. Na waiwaya, ga tsoho ya ɗaga hannu biyu sama yana taka rawar mutanen dutse, yana buga ƙafa yana juyi tsakanin kwalabe, yana waƙa da yarensu, ni kuma ina tare masa tebur kada ya yi mana ɓarna. Yana cewa, "Babu shi! Ba wanda yake da shi! Tun ina saurayi na faɗa!" Masu gadi suka leƙo, suka ga abin da ya fi ƙarfinsu, suka kama tafi.

Da ya gaji ya zauna yana haki yana dariya. Ya laluba aljihun gaba ya zaro fensirinsa na zane, wanda duk zamanmu ni dai fiƙe shi nake yi in mayar masa. Ya miƙo mini. Na ce, "Baba, ai kai ya kamata. Mu ƙara gwadawa gobe da safe, wataƙila idon ya huta."

Ya kama hannuna ya danƙa mini, ya rufe yatsuna a kai.

"Zana, Iliya. Ni na riga na gan shi."